Kullum Biyu Baba Ke Cewa

Shekarun baya, wajen goma sha ɗaya ko sha biyu ke nan in ban yi kuskure ba, na yi wani abu a gidanmu na Rikoto da har yau nakan zauna in yi ta juya shi a raina. Kafin in yi nisa bari in faɗa muku cewa ban gama amincewa da tunanina ba. Wasu maganganun da zan kawo na tabbata an yi su, amma ba lallai da waɗannan kalmomin ba, kuma mai yiwuwa na haɗe ranaku biyu sun zama ɗaya. Akwai littafin da ya kamata ya tuna mini, yana nan a akwatina. Sai dai kamar yadda za ku gani, littafin nan shi ne babban maƙaryacin labarin, kuma da hannuna na rubuta shi.

A lokacin na gama jami'a, ina gida ina jiran a kira ni hidimar ƙasa. Abin da na karanta shi ne yadda sassan jikin ɗan Adam ke aiki. Ni ba likita ba ne, na kuma faɗa wa mahaifina haka ya fi a ƙirga, amma tun ranar da na sauke jakata bai sake kirana da sunana ba. Dokta kawai. "Dokta, miƙo mini rediyo." "Dokta, awaki sun shiga masara." Har maƙwabta suka ɗauka, suna zuwa da yaransu masu tari, ni kuma ina ta ba su haƙuri ina nuna musu hanyar asibiti.

Mahaifina tsohon soja ne, kowa a unguwa Saje yake ce masa. Ya yi shekara ashirin da wani abu a bakin aiki, ya dawo gida ko ƙwarzane babu. Bayan ya yi ritaya ya sayi mashin. Wata ranar kasuwa yana dawowa daga Dirin Daji da buhun dawa a baya, tayar gaba ta fashe, mashin da buhu suka danne masa ƙafar hagu. Ciwon ya ƙi warkewa, daga ƙarshe aka yanke ta a ƙasan gwiwa. Ina shekarar ƙarshe a makaranta aka yi wannan. Shi da kansa yakan mayar da abin wasa, ya ce harsashi ya yi shekara ashirin yana nemansa bai same shi ba, buhun dawa ya same shi rana ɗaya.

Wurin da aka yanke ya warke sarai. Abin da bai warke ba shi ne ƙafar da babu ita. Sau ɗaya tak ya bayyana mini yadda yake ji, shi ma don na dame shi ne. Ya ce yatsun a dunƙule suke, kamar an cusa su cikin takalmin da ya yi masa kaɗan, an ja igiyar har ƙarshe an ƙulle. Yakan kai hannu zai kwance, hannun ya wuce ta iska.

Ba shi kaɗai ne mai ciwo a gidan ba. Mahaifiyata gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, in ta tsuguna sai ta dafa turmi kafin ta miƙe. Sai kuma Gwaggo, yayar Baba, wadda ta yi aure a cikin garin Zuru tun tana yarinya ta musulunta a can. Bayan mijinta ya rasu kusan kullum sai ta hau mashin ta zo ta wuni wurinmu. Ita ciwon suga ne da ita, tafin ƙafarta na yi mata zafi kamar ta taka garwashi, ko bakin zane ya shafa sai ta zabura. Su ukun magani ɗaya suke sha, wata ƙwaya da ake sayowa a kemis ana zubawa a tsohon gwangwanin madara. Mama in ta sha takan samu sauƙi. Baba da Gwaggo kuwa kamar sun haɗiyi tsakuwa.

"Maganin nan shina da son kai," in ji Gwaggo wata rana muna zaune a gindin mangwaro. "Ya san wadda ke dafa tuwon gidan."

Nan ne na ga dama ta samu in nuna ban je makaranta a banza ba. Na ɗauki tsinke na yi zane a ƙasa. Na ce musu, iya abin da aka koya mana, ciwo saƙo ne. Jijiyoyi ke ɗaukarsa daga jiki, su bi ta lakar da ke cikin ƙashin baya, su kai wa ƙwaƙwalwa, ita ce ke yanke hukunci ta ce nan da zafi. Gwiwar Mama ta goge ne, ƙashi na gugar ƙashi, wurin yana kumbura, saƙon da ke tafiya gaskiya ne, shi ya sa maganin kumburi ke yi mata aiki. Gwaggo kuwa tafin ƙafarta lafiya lau, jijiyoyin ne suga ya taɓa, suna aika saƙon wuta alhali babu wuta. Na Baba ya fi wuyar bayani. Na ce ƙafar ta tafi, amma wurinta a ƙwaƙwalwa yana nan, kuma jijiyoyin da aka datse ba su daina aike ba.

Baba ya saurara har na gama, sannan ya juya musu da yaren da ya iya.

"Ku ba ku gane ba. Ke," ya nuna Mama, "ɗan aikenki mai gaskiya ne. Ke kuma Yaya, naki ya sha burkutu, yana ta ihun gobara."

"A'uzubillahi! Ɗan aikena? Naka dai, kai da ka saba da su a bariki."

"Ni nawa ofisa ne. Kullum da safe yana kiran sunaye a fareti, akwai soja ɗaya da ba ya amsawa. Shi kuma ba ya ƙetare suna. Sai ya ƙara ɗaga murya."

Na yi shekara huɗu a aji, ban taɓa jin wanda ya faɗe shi da kyau haka ba. Amma maimakon in lura cewa mutumin nan ya san ciwonsa fiye da ni, abin da na ji kawai shi ne daɗin an fahimci darasina.

Ni na matsa aka kai su asibiti. Likitar da ta duba Baba mace ce mai haƙuri. Ta ce ƙwayar kemis ba ta irin ciwonsa ba ce, ta rubuta masa wani magani mai kwantar da jijiyoyi, ta gargaɗe mu cewa yana iya sa shi barci da jiri. Ta ce mu dawo bayan sati shida mu faɗa mata yadda ake ciki, daga nan za ta san ko ta ƙara ko ta rage. Gwaggo ma irinsa aka ba ta, da ƙarin faɗa a kan shayi mai sukari.

Waɗanda suka san ni sun san ba na iya karɓar aiki da hannu ɗaya. A ranar na sayi littafin rubutu, na ja layuka da rula. Kwanan wata, lokaci, magani, sai ma'aunin ciwo daga sifili zuwa goma, kamar yadda ake yi a asibiti. Safe da yamma nakan je gabansa da biro.

"Baba, in sifili babu ciwo ko kaɗan, goma kuma ciwon da ba a taɓa jin irinsa ba, yanzu kana nawa?"

"Biyu."

Gobe biyu. Jibi biyu. Ran Lahadi bayan an taso daga coci, biyu.

Kada ku ɗauka ban yi zargi ba. Na karanta cewa mutane na ɓoye ciwo, musamman maza, don haka na ƙara wani layi a gefe na rubuta "yanayinsa" a kai, inda zan riƙa sa abin da na gani da idona. Na ji daɗin wannan dabarar ƙwarai. Kuma abin da na fi gani shi ne waƙa. Baba na da wata kujerar katako a bayan ɗaki, kusa da rumbu. Wasu ranakun da hantsi ko da la'asar yakan koma can, ya ɗauko takalmansa na soja yana gogewa, duka biyun, yana rera wata waƙa da yarenmu na C'lela a hankali. Yakan ja baiti ɗaya, ya yi shiru kamar mai jiran wani abu, sannan ya sake ja. Ni kuma daga nesa sai in rubuta: "Yana waƙa. Da alama ya ji sauƙi."

Dole in tsaya nan in faɗi wani abu game da kaina. A bariki aka haife ni, a bariki na girma, yau muna wannan gari gobe muna wancan. Hausa da Turanci na tashi da su. C'lela ina jin gaisuwa, da zagi, da kiran abinci, daga nan ƙarfina ya ƙare. Na san dai Baba ya yi golmo kafin ya auri Mama, wato noman da samari ke haɗuwa ƙungiya su yi wa iyayen 'yan matan da za su aura, shekara da shekaru. Shi ya ce bakwai ya yi. Na san shi kamar yadda mutum ke sanin labarin kakanni, abin alfahari da ake ba baƙi. Ban taɓa riƙe garma a layi ɗaya da kowa ba.

Sati shida suka cika, muka koma. Na shimfiɗa wa likita littafina a kan tebur, har da zanen da na yi a shafin ƙarshe, layi miƙaƙƙe a kan biyu. Na ce mata ciwon ya kwanta, yana cikin walwala, abin da ya rage kawai barcin da maganin ke sa shi. Ba zan ɗora mata laifi ba ko kaɗan. Ta dubi Baba ta tambaye shi, ta kuma sake tambaya.

"Baba, haka ne? Kada ka ji nauyina."

Ya gyara zama, ya ce, "Yadda Dokta ya rubuta."

Ta rage maganin. Tunda ni ke ba shi, babu wanda ya san an rage sai ni da shi.

Cikin sati ukun da suka biyo baya waƙa ta ƙaru. Da sau ɗaya ne a wuni, ta koma sau uku, sau huɗu. Ya daina zuwa zaman da tsofaffin sojoji ke yi a bakin titi. Tuwonsa yana dawowa da rabi. Duk na rubuta waɗannan, domin ban bar komai ba, amma ga irin fassarar da nake yi musu: barci ya sake shi, shi ya sa yake da ƙarfin waƙa. In na buɗe shafukan nan yanzu, sai in ga kamar wani mutum ne dabam ya rubuta su, mai kyakkyawan rubutu da toshewar kunne.

Ranar da abin ya fashe, Mama da Gwaggo na ɓarar gyaɗa a tsakar gida, rana ta ɗan karkata. Muryar Baba na tasowa daga bayan ɗaki. Na zo na tsaya a kansu da littafina a hammata, na ce wa Gwaggo ta yi koyi da ƙaninta, ga shi har an rage masa magani, kullum sai waƙa.

Mama ta tsayar da hannunta a cikin tire.

"An rage me?"

"Magani. Ai ya samu sauƙi, Mama. Ba ki ji ba? Tun safe yake rerawa."

Ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dube ta. Gwaggo ta ce, "Mi yaron ga ke cewa?" Babu wasa a muryarta, kuma ban saba jin ta haka ba.

Mama ta dafa turmi ta miƙe, ta kama ni a wuyan hannu kamar ina ɗan shekara biyar, ta ja ni zuwa lungun da ke tsakanin ɗaki da rumbu, inda muke ganinsa shi ba ya ganinmu. Ta ce, "Bar kallon bakinsa. Kalli hannun."

Takalmin hagu na kan cinyarsa, amma ba gogewa yake ba. Hannunsa na dama ya damƙe hannun kujerar har jijiyoyin sun tashi. Gumi na bin wuyansa, rigar ta jiƙe a ƙirji. Katakon wurin da yake riƙewa ya yi baƙi ya yi santsi, ga sawun farce a ƙasansa. Kujerar nan kullum ina wucewa ta gabanta. Ya ja baitin, ya yi shiru, ya sake ja.

Muka koma tsakar gida. Mama ta zauna ta yi mini bayani a hankali, ba faɗa, wanda da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce a gonar mahaifinta ta fara jin waƙar nan, tana budurwa ta kai wa 'yan golmo ruwa. A ƙungiyarsu Baba, in ana huɗa a layi, ba a cewa an gaji, ba a cewa an ji ciwo. Iyayen yarinya na kallo, ƙannenta na kallo, wanda ya buɗe baki ya ce wayyo za a yi ta ba da labarinsa har ya tsufa. To amma jiki jiki ne. Sai suka zama suna da wannan waƙar. In tafin hannun wani ya fashe, ko bayansa ya riƙe, shi ne zai ɗauko ta. Na damansa da na hagunsa su amsa, su matso, kowa ya ci wani abu daga layinsa, har a kai ƙarshen gona tare. Babu mai dubansa, babu mai tambayarsa, in an tashi kuma babu mai tayar da zancen.

"Ranar nan babanka ne ya ɗauko ta, ƙotar garmarsa duk jini," in ji ta. "Ni na gani, da na miƙa masa ƙwarya. Babana bai gani ba har ya mutu."

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na ɗauka kana jin abin da nake ji. Na ga kana tsayawa kana rubutawa, na ce yaron nan yana kai wa likita. Ina ta cewa a raina maganin ne ya gaza."

"Shi fa? Na tambaye shi safe da yamma. Ai sai ya ce takwas mana, ko tara."

Gwaggo ce ta amsa wannan. "Kai ɗansa, ka tsaya a kansa da biro, ka ce ya hwaɗa maka shina jin ciwo? Biyun ma don kai ya ce. Don kar ka ga karatunka ya tashi a banza. In don ta shi ne, sifili za ka rubuta."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne shirun nan da yake yi bayan kowane baiti. Sama da wata biyu mutumin nan yana barin wuri don a amsa, ni kuma ina nesa da shi taku goma ina rubuta cewa yana cikin walwala.

Na ajiye littafin a kan buhun gyaɗa na zagaya wurinsa. Na shirya dogon ban haƙuri a raina. Da ya gan ni ya saki hannun kujerar, ya ɗauki burushi ya ci gaba da goge takalmi.

"Dokta. Yau ba littafi?"

"Babu, Baba."

"To, biyu ne dai, in ka koma ka rubuta."

Duk abin da na shirya ya gudu. Na jawo wani dutse na zauna a hagunsa, ɓangaren da babu ƙafar, ban dube shi ba. Muka zuba wa rumbu ido. Can abin ya sake taso masa, na ji numfashinsa ya canza. Ya yi ƙoƙarin riƙewa saboda ina wurin, bai iya ba, ya ja baitin. Ya yi shirun. Ni kuwa ban san ko kalma ɗaya ta amshin ba.

Daga tsakar gida aka amsa. Gwaggo ce, da hijabinta da carbinta, matar da ban taɓa jin ta yi C'lela da ƙarfi ba sai in za ta tsawata wa akuya. Ta kai amshin har ƙarshe. A zagaye na biyu Mama ta shiga. A na uku ni ma na bi su da gunguni, baki a rufe, ina kama karin kawai. Baba bai juyo ba. Na dai ga yatsunsa sun ɗan saki katakon. Ina ganin mun yi kusan rabin awa a haka, ko da yake a nan ma ƙila tunanina ya ƙara.

Washegari na koma asibiti ni kaɗai, na faɗa wa likita abin da na yi. Na zaci za ta wanke ni tas. Ta saurara, ta ce, "To daga yau matarsa za mu riƙa tambaya sau nawa ya yi waƙa." Ta ce in kawo shi, ta mayar da maganin yadda yake. Ta kuma yi mini bayanin da na sani a takarda amma ban taɓa haɗa shi da mahaifina ba, cewa ciwon da aka bari ya daɗe yakan sa laka da ƙwaƙwalwa su zama kamar karen da aka tsorata, ganye ya motsa sai haushi. Sannan ta koya mana wata dabara da madubi. Ta ce wasu tana yi musu aiki, wasu ba ta yi, mu gwada.

Na kwance dogon madubin da ke jikin sif ɗin Mama, tana ta mita cewa tun aurenta yake nan bai taɓa tsagewa ba. Baba ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, na tsayar da madubin a tsakanin cinyoyinsa, ya ɓoye ɓangaren da aka yanke. In ya leƙa, sai ya ga ƙafar dama da hotonta, ƙafafu biyu cif. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan kuma wace irin yaudara ce, Dokta?"

"Ofisan nan za mu nuna wa sojansa, Baba. Ka motsa yatsun dama a hankali, kana kallon na madubi."

Ranar farko babu abin da ya faru, sai dariyar da Gwaggo ta yi ta yi, tana cewa ƙaninta ya tsufa ya koma kwalliya. Rana ta biyu ma haka. Ina jin a rana ta biyar ne ko ta shida, yana buɗe yatsun yana rufewa, sai ya tsaya cak. Ya ce, ba da ƙarfi ba, "An sassauta igiyar." Ya ci gaba da motsa yatsun yana kallon ƙafar da aka binne shekara guda da ta wuce. Mama ta tashi ta shiga ɗaki, ta ce hayaƙi ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Ba na so wani ya karanta wannan ya ce na ce madubi na warkar da ciwo. Bai warke ba. Igiyar takan sake ɗaurewa, wasu ranakun madubin bai yi komai ba, kuma ban san nawa ne aikin magani nawa ne na madubi ba. Wanda ke da irin wannan ciwon ya je asibiti, kada ya tsaya a kan labarina. Abin da na sani shi ne mun samu tsari. Ban sake tambayarsa lamba ba. In na ji waƙar, sai in ɗauko madubi in zagaya, in zauna a hagunsa, in yi gungunina. In ya lafa in mayar da madubin, babu mai tayar da zancen. Wata huɗu muka yi a haka kafin takardar hidimar ƙasa ta zo. Ban taɓa zama kusa da mahaifina kamar a watannin nan ba, kuma ba na jin mun yi magana mai tsawo ko sau ɗaya.

Daga baya na sake karanta cewa ƙwaƙwalwa ba karɓar saƙo kawai take yi ba, tana kuma aikawa ƙasa ta rage ƙarfinsa, kuma abubuwa irin su natsuwa da jin cewa ba kai kaɗai ba ne suna iya taimaka wa wannan. Nakan yi tunanin ko samarin nan da ke huɗa a gonar kakana sun gano wani abu makamancin haka da garmarsu. Ban da hujja, tunani ne kawai. Abin da na tabbata da shi ƙarami ne: lambar da mutum ya ba ka ta bakinsa ta fito, bakin kuma yana da inda aka koya masa abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa.

Baba ya ƙara shekara shida. Ciwon da ya ɗauke shi wani ne dabam, ina wurin aiki a wani gari aka kira ni. Allah ya jiƙansa. Gwaggo ta bi shi bayan shekara biyu. Kujerar tana nan a bayan ɗaki, in na je gida nakan sa hannuna a inda katakon ya yi santsi, yatsuna ba sa cika wurin. Madubin an mayar da shi jikin sif, kusa ɗaya ta ɓace, yana ɗan karkace.

Duk zuwan da na yi a shekaru shidan nan ina cewa zan zaunar da shi ya koya mini kalmomin, in ɗauka a waya. Kullum sai in ga kamar in na tambaya na tayar da zancen da ba a tayarwa, in ce sai wani zuwan. Bayan rasuwarsa Mama ta koya mini amshin, na iya shi yanzu, har ta ce harshena ya fara miƙewa. Amma baitin da ake ja, wanda mai ciwon ke ɗaukowa, ta ce ba ta riƙe shi daidai ba. Ita daga bakin gona take ji, kuma da ya dawo yi a gida hankalinta ba ya kan kalmomin.

Don haka ina da roƙo. In akwai wanda ya yi golmo a ƙungiya ɗaya da wani Saje mai ƙafa ɗaya na Rikoto, ko wanda mahaifinsa ya yi, ko maƙwabcin da ya ga wani abu daga cikin abin da na faɗa, don Allah ya gyara mini inda na kauce. Mai yiwuwa waƙar ta ƙungiyarsu ce kawai, mai yiwuwa ban fahimci Mama daidai ba, na riga na nuna muku cewa na iya kuskuren fahimta. Wanda kuma ya san baitin, ko rabinsa ne, ya turo mini da murya, kada ya rubuta. Ya ja shi yadda ake ja, ya bar shirun nan a bayansa. Zan amsa.